Labulen banɗaki da keken gida: yadda aikin yake tafiya

Asabar, 26 ga Yuli, 2025

Banɗakinmu irin na gidajen hayar yanzu ne, shawa da masai da wurin wanke hannu duk a ɗaki guda. Abin da ya raba wurin wanka da sauran fili ɗan dakali ne da tsayinsa bai wuce inci 3 ba. Kowa ya yi wanka sai ruwa ya fantsama har bakin ƙofa, tayil ya yi santsi. Mu da yara muna iya lallaɓawa, amma tun da Hajiya, mahaifiyar maigida, ta dawo wurinmu da zama, abin ya wuce a yi masa shiru. Da asuba take shiga alwala, ga ciwon gwiwa. Ga kuma batun tsarki, domin ruwan da ya daki gefen masai ya dawo jikin mutum ba ya barin zuciya ta natsu.

Mun taɓa rataya labulen leda na kasuwa. Warin roba ya cika ɗakin, ramukan sama suka riƙa yagewa ɗaya bayan ɗaya, ƙasansa ya yi baƙi da fumfuna, kuma ba abin da za a jiƙa a wanke ba ne. Araha ba ta ado. Na yanke shawarar in ɗinka na yadi da kaina, falle biyu: na ciki wanda zai tare ruwa, na waje wanda ido zai gani.

Yau awo kawai na yi. Daga bango zuwa bango inci 58 ne. Labule yana son ya fi ƙofarsa faɗi don ya rufe gefe da gefe ba tare da an ja shi ya ɗame ba, saboda haka na ƙara inci 12, ya zama 70. Sanda za ta zauna inci 78 daga ƙasa, zobba za su ci inci 2. Na ciki zai sauka a cikin dakali, ya tsaya inci 1 kafin ƙasa, tsawonsa 75 ke nan. Na waje zai sauka a bayan dakali, na bar masa inci 4 tsakaninsa da ƙasa don kada ya sha ruwan mofa, tsawonsa 72.

Talata, 29 ga Yuli

Tunanin yadi. Da fari raina ya so zanen rini na Ƙofar Mata. Karofin nan tun 1498 yake, kuma shuɗin baba a jikin farin tayil zai yi kyau ƙwarai. Amma duk wadda ta taɓa ɗaura sabon rini ta san yadda shuni yake kama fata, balle ya haɗu da tururi da ruwa kullum. Zai ɓata bango, ya ɓata tawul. Na ajiye wannan sha'awar sai labulen falo.

Na ɗauko ƙyallaye daga buhun ragowar ɗinki, na yanka su daidai da juna: atamfar auduga, atamfa mai roba, da wani yadi mai kauri irin na rigar kujera. Na tsoma su a ruwa, na matse, na rataya a cikin banɗakin da hantsi, taga a buɗe. Mai roba ta bushe kafin azahar. Ta auduga ta kai la'asar. Mai kaurin nan har na kwanta da danshi a jikinsa. Nan ya fita daga lissafi. A ɗakin da ake jiƙawa safe da yamma, yadin da bai bushe tsakanin wanka da wanka ba gidan fumfuna ne, komai kyansa. Abin da nake nema ke nan a duk aikin: abin da zai bushe da wuri, ya kuma jure wanki.

Wadda take son falle ɗaya tak, atamfa mai roba da muke rainawa wajen ɗinkin fita ita ce ta fi dacewa da banɗaki. Ni dai tunda akwai na ciki da zai tare ruwa, auduga zan sa a waje, don tana ɗaukar wankin ruwan zafi da guga.

Asabar, 2 ga Agusta

Kantin Kwari. An yi ruwa da daddare, layuka duk caɓi, 'yan dako na ta "hanya, hanya" da diloli a ka. Na fara da yadin ciki, don shi ne mai wuyar samu. Abin da nake nema shi ne yadin roba mai santsi, marar nauyi, irin wanda ake yin lema da rigar ruwa da shi. Na sami wani dattijo da yake da kala-kala a naɗe.

"Alhaji, don Allah a ɗan yanko mini ƙyalle in gwada."

"Hajiya, wannan ko a kogi kika sa shi ba ya jiƙa."

"Na yarda, Alhaji, amma bari ido ya gani."

Ya yi murmushi ya yanko. Na shimfiɗa ƙyallen a tafin hannuna, na ɗiga ruwan leda a kai. A kan na farko ruwan ya baje, ya yi duhu, na ji sanyinsa a fatata. A kan na biyu ya dunƙule ya tsaya, na karkata hannu ya gangara ya faɗi, bai bar ko alama ba. Shi na ɗauka, fari, faɗinsa inci 60, yadi huɗu da rabi. Fari na zaɓa da gangan: datti ba ya ɓuya a jikinsa, zan gan shi tun yana ɗan kaɗan.

Wajen atamfa na yi ɗan jinkiri. Ba Holan ba, wannan ba wurinta ba ne. Matsakaiciya nake so, audugar gaske, marar kauri. Na zaro 'yan zarurruka daga bakinta, yaron shago ya kyasta ashana. Auduga tana ci da wuta, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Wannan toka ta bari. Na kuma duba zanen da kyau, na buɗe turmin gaba ɗaya. Akwai atamfofin da ake bugawa da rubutu, na taro ko na ƙungiya, wasu har da sunaye masu alfarma, waɗanda ba za a shiga da su makewayi ba. Tawa ganye ne kore da ruwan ƙasa a kan fari, ba rubutu, ba hoton mai rai.

Zare na roba na saya, fari da kore. Zaren auduga yana ruɓewa a danshi, sai ka ga yadi lafiya lau amma ɗinki ya saki.

Lahadi, 3 ga Agusta

Wanki kafin almakashi. Sabuwar atamfa tana zuwa da sitaci, kuma auduga tana tsukewa a wankin farko. Na jiƙa ta a ruwan ɗumi, na wanke da sabulu, na ɗauraye har ruwan ya fita garau. Turmi yadi 6 ne, inci 216. Da ta bushe na sake awo, ta ragu da kusan inci 6. Da an yanka kafin a wanke, wannan ragin a jikin labule zai fito.

Laraba, 6 ga Agusta

Ba wuta tun safe, na hura gawayi na yi guga da dutse. Atamfa kawai, yadin ciki ba ya son wannan zafin.

Na shimfiɗa tabarma a falo na yi yanka. Kowane falle na waje tsawonsa inci 80: 72 na labule, 4 na kalmasar sama, 4 na ta ƙasa. Faɗin atamfa bai kai 70 ba, dole a haɗa biyu. Na yanke bakunan nan masu rubutun kamfani, na bar kowane falle da faɗin inci 37 da rabi. Biyu sun ba da 75, haɗin tsakiya zai ci 1, kalmasar gefe da gefe ta ci 4, saura 70 cif.

Abin da ya ɗauki lokaci shi ne haɗa zane. Na yanka fallen farko, na ajiye shi kusa da sauran yadin, na riƙa jan yadin sama da ƙasa har reshen ganyen da ya yanke a wancan ya ci gaba a wannan. Na yi asarar kamar taƙi ɗaya, amma turmin ya isa har da saura. Mutum yana iya cewa banɗaki ne, wa zai duba? Ni zan duba, kullum. Kuma Hajiya tela ce a zamaninta, idonta ba ya wuce karkataccen haɗi.

Tana zaune a kujera tana kallona, carbi a hannu. Da na ɗauko alli zan ja layi sai ta ce, "'Yar nan, zaro zare ɗaya tukuna, shi zai nuna miki hanya." Na ɗan tsaga bakin yadin, na kamo zare ɗaya na ja a hankali, ya bar siririn layi daga wannan baki zuwa wancan. A kansa na bi da almakashi. Yadin da aka yanka bisa zarensa yana sauka a miƙe, ba ya murɗewa bayan wanki.

Juma'a, 8 ga Agusta

Bayan an sauko daga masallaci na zauna a keke. Butterfly ce ta ƙafa, ɗinki miƙaƙƙe kawai take yi, kuma ya wadatar.

Haɗin tsakiya na yi shi irin wanda ke ɓoye bakin yadi a ciki. Na fara haɗa bayan yadi da baya, fuska a waje, na bi da ɗinki kwatan inci daga baki. Na rage gefen da almakashi, na juya, na goge, na sake bi da wani ɗinkin, bakin ya shige ciki ya kulle. Ba zaren da zai fito ya yi gashi ya riƙe ruwa da kumfa. Gefuna na ninka inci 1 sau biyu. Ƙasa na ninka inci 1, sannan 3. Allura lamba 14.

Sama ne ke ɗaukar nauyin labule, nan ake ja kullum, saboda haka yana son ƙarfi. Ban sa gam ɗin kwala ba, wato yadin nan mai mannewa da ake sa wa kwalar riga don ta yi ƙarfi, domin danshi da wanki suna saɓule shi, ya yi ƙuraje a cikin yadi. Na yanko tsiri mai faɗin inci 3 daga ragowar yadin ciki na cusa a cikin kalmasar, na bi da ɗinki layi biyu.

Litinin, 11 ga Agusta

Yadin ciki yana da nasa hali. Santsi gare shi, yana zillewa a ƙarƙashin ƙafar keke, kuma duk inda allura ta huda ramin ya zauna ke nan, ba ya rufewa kamar na auduga. Don haka ban soka masa fil ko ɗaya ba, da maƙalan shanya na kama shi. Na sauya allura zuwa lamba 11, na tsawaita takun ɗinki don ramuka su ragu, na sassauta zaren sama kaɗan saboda kada ya tattare. Na shimfiɗa takardar jarida a ƙarƙashi na ɗinka tare da ita, bayan na gama na yage ta. Da wannan dabarar ya tafi sumul.

Faɗinsa 60 ne, sai da na ƙara masa tsiri a gefe ɗaya. Na sa haɗin ya faɗo ɓangaren da ya fi nisa da kan shawa, inda feshin ruwa bai da ƙarfi, na kwantar da shi na danne da ɗinki biyu.

Bakin da aka yanka kuwa na bi shi da kyandir. Ba a sa shi cikin harshen wutar, kusa da ita kawai ake wucewa da shi da sauri, sai ka ga bakin ya ɗan naɗe ya yi ƙyalli, ya daina zarewa. Na yi wannan a tsakar gida, da kwanon ruwa a gefe, yara suna makarantar allo. Narkakkiyar roba idan ta ɗiga a fata mannewa take yi.

Kalmasar ƙasa siririya na yi, kuma na bar 'yan ƙofofi a jikinta ba ɗinki, duk bayan taƙi guda. Kalmasa rufaffiya aljihu ce, ruwa yana shiga ya kwana. Ta ƙofofin nan zai tsiyaye.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ramukan zobba. Goma sha biyu ne a kowane falle. Na bar inci 2 daga kowane gefe, saura 66, aka raba gida 11, tsakanin rami da rami inci 6 daidai. Haɗin tsakiya ya faɗo tsakanin na shida da na bakwai, bai ci karo da kowanne ba. Na ɗora falle biyun a kan juna na yi alama lokaci guda don ramukan su yi daidai.

Na ciki na kai wa masu ɗinkin tampol su buga masa idon ƙarfe. Na tafi da ɗan maganaɗisun da ke manne a ƙofar firij. Yawancin idanun da ke ƙyalli kamar zinariya baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi, wata biyu a banɗaki sai tsatsa ta zubo a jikin farin yadi. Maganaɗisu yana kama ƙarfe, ba ya kama tagulla. Na sa shi a gwangwanin farko ya fito da idanu manne a jikinsa. Mai aikin ya ce, "Hajiya, ashe kin san kan abin," ya jawo wata 'yar leda daga ƙasan teburi. Waɗannan ko motsi ba su yi ba. Sun fi tsada, na biya da daɗin rai.

Na atamfa da hannu nake yi, kamar ramin maɓalli, a tsaye, tsawon inci 1. Ina tsagawa da reza, in zagaye da zare ninki biyu, kowane taku da ƙullinsa a baki. Aikin dare ne, bayan isha'i, da fitila mai caji. Na fi son haka a kan ƙarfe saboda in na tashi wankewa da guga ba abin da zai kama ni.

Lahadi, 17 ga Agusta

An kafa sanda. Na roƙi maigida ya sayo bututun da ba ya tsatsa, ko da ya fi kuɗi, ya kuma nemi izinin mai gidan kafin a huda bango. Mai aikin famfo ya manna salatif a inda zai huda don kada bakin injin ya zame, ya bi layin da ke tsakanin tayil da tayil, ba wanda ya tsage. Zobba na roba ne masu buɗewa, kowanne ya ɗauki falle biyun tare.

Da muka rataya, na ciki ya tsaya a cikin dakali yadda aka auna, na waje ya sauka a miƙe, ganyen tsakiya ya haɗu. Hajiya ta zo ta kama kalmasar ƙasa ta juya ta, ta duba bayan ɗinkin. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ce amin, Hajiya.

Laraba, 20 ga Agusta

Ƙasa ta daina jiƙewa, wannan ya tabbata. Daga dakali zuwa ƙofa a bushe.

Sai dai wani abu ya fito. In da bokiti aka yi wanka, lafiya. In aka buɗe shawa da ƙarfi, sai labulen ciki ya kumbura ya taho ya manne wa mutum a ƙafa, ƙasansa ya ɗage, ruwa ya sami hanya. Ƙanena da ke karatun injiniya ya ce sanannen abu ne. Wani malami a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, David Schmidt, ya kwaikwayi abin a kwamfuta, ya nuna cewa feshin ruwa yana sa iskar da ke ciki ta riƙa juyawa, tsakiyar juyin ya yi ƙarancin matsi, iskar waje ta turo labulen ciki. Ko da ruwan sanyi ne haka yake yi. Aikin ya samo masa kyautar Ig Nobel a 2001, wadda ake bai wa binciken da ke sa mutum dariya sannan ya sa shi tunani. Yadi marar nauyi ya fi saurin biyewa, nawa kuma marar nauyi na zaɓa don ya bushe da wuri, saboda haka nauyin ne za a ƙara masa a ƙasa kawai.

Wata maƙwabciya ta ce in nemi dalmar da masunta ke sa wa taru. Tana da nauyi, ba ta tsatsa, gaskiya ne. Amma ba zan shigo da dalma gidan da akwai mai rarrafe ba. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Abin da yaro zai iya tsinta ya kai baki, gara a nisance shi tun farko. Wasar ƙarfe kuma, ɗan faifan nan mai rami da ake sa wa noti, tsatsa za ta yi.

Tsakuwa na tsinto, masu sulɓi, kowacce kamar girman goro, na wanke su tas. Na ɗinka 'yan jakunkuna biyar da ragowar yadin ciki, kowacce tsakuwa biyu, na kulle bakinsu da ɗinki, na maƙala su da maɓalli a bayan kalmasar ƙasa: biyu a kusurwoyi, uku a tsakani. In za a yi wanki sai a ɓalle su. An buɗe shawa har ƙarshe, labulen ya ɗan motsa ya tsaya a wurinsa.

Asabar, 30 ga Agusta

Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa a Kano, ko shanya a igiya sai ta yini ba ta bushe ba. In labule zai yi fumfuna, yanzu ne. Shi ya sa nake duba shi da fitila, musamman cikin ninki da bayan jakunkunan tsakuwa.

Dokar da na kafa wa gida guda ce, kuma ta fi duk ɗinkin da na yi muhimmanci: wanda ya gama wanka ya watsa wa labulen ciki ruwa mai kyau daga sama zuwa ƙasa, ya ja shi ya baje a kan sanda gaba ɗaya, ya bar taga a buɗe. Yara sun saba tattare labule gefe guda idan sun fito, a nan ne ninki ke riƙe ruwa. Fumfuna danshi take so, abincinta kuma dattin sabulu da maiƙon jiki. In aka ɗauraye aka shanya, an hana ta duka biyun. Babbar 'yata na ɗora wa duba wannan kafin ta tafi makaranta.

Atamfar waje ba ta da komai, a bushe take ko da yaushe, launinta bai zuba ba. Na ciki na ga wani dishi-dishi mai santsi a ƙasansa, kamar taƙi ɗaya daga baki, inda kumfa ke taruwa. Ba baƙi ba ne tukuna, dattin sabulu ne.

Asabar, 6 ga Satumba

Wankin farko. Na ɓalle jakunkuna, na cire na ciki, na jiƙa shi a baho da ruwan ɗumi da ɗan garin sabulu, na goge ƙasan da soso mai laushi. Ba a murza shi da ƙarfi ko a matse shi kamar zane, don abin da aka shafa masa mai korar ruwa yana gogewa. A ɗaurayar ƙarshe na zuba rabin kofi na ruwan khal, yana narkar da ragowar sabulu. Mai yin wannan ta kiyaye: kada a taɓa haɗa khal da bilic a ruwa ɗaya, haɗinsu yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji, balle a ɗaki ƙarami kamar banɗaki. Ɗaya ake zaɓa, ni khal na zaɓa.

Na mayar da shi kan sandarsa yana jiƙe, ya tsane a can. Idanun tagulla ba tsatsa, ramukan hannu ba wanda ya saki. Na ɗiga ruwa a tsakiyarsa, har yanzu yana dunƙulewa ya gangara. A ƙasa, inda aka goge, ya fara ɗan bajewa kafin ya sauka. Nan zan riƙa sa ido. In ya daina korar ruwa, fallen ciki kaɗai zan sake, atamfa da zobba da sanda suna nan.

Ragowar yadin ciki ya isa shimfiɗar katifar jariri, na yanka na ajiye. Atamfar da ta saura kuma zan yi wa tagar banɗakin ɗan labule rabi, wanda zai rufe ƙasa ya bar sama iska na shiga. Awon tagar inci 24 ne a faɗi, 20 a tsaye. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan yanka.